Ƙafar da Inna Ba Ta Gani Ba

"Cire takalmin in gani."

"Ba zan cire ba."

"Sajo, ka cire mana..."

"A ƙofar gidan surukaina? Haba Ummu am, ga mutane na wucewa."

Wannan "am" ɗin a Fulatancinsu tana nufin tawa, kuma ya san da zarar ya faɗe ta sai jikina ya yi sanyi. Amma ranar ban biye masa ba. Tun daga inda ya kafe babur ɗinsa na ga yana taka ƙafar hagu a kan yatsu, bai yarda dunduniyar ta taɓa ƙasa ba.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, muna gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Ɗanzomo, saura kwana ashirin da biyu a ɗaura mana aure.

"Me ya same ka?"

"Babu komai. Jiya a kara, kasuwar dabbobin Maigatari, muna lodin shanu a tirela, na taka wani katako. Ashe da 'yar ƙusa a jiki."

"Ƙusa?"

"'Yar mitsitsiya. Ko jini bai fita sosai ba."

"To tashi mu shiga Inna ta duba."

Sai ya kalle ni kamar na ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

Sunana Ummukulthum, ni ce autar Inna Hannatu. Duk wanda ya san Ɗanzomo ya san Innata, saboda hannunta a kan ciwo. Ƙuna, yanka, targaɗe, maruru, ƙafar da ta kumbura a gona, duk gidanmu ake kawowa, har daga Sule Tankarkar. Tun ina shekara tara nake riƙe mata kaskon garwashi. Na iya ɗumama ganyen tumfafiya har ya yi laushi ba tare da ya ƙone ba, na san yawan gishirin ruwan wanke ciwo, na san bagaruwar da ta bushe a bishiya da wadda aka tsinto a ƙasa.

Inna tana da doka guda, ba ta taɓa sassauta ta ko ga mai gari ba. Abin da ido bai gani ba, hannunta ba ya ɗaurewa. In kuwa ta duba ta ga ciwon ya yi zurfi, ko cizon kare ne, ko ƙarfe ne ya shiga jiki, sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku yi Gumel a yi masa allura." Mutane kan ji haushi, ita ko a jikinta.

A gaban wannan kaskon na fara ganin Sajo. Bijimi ne ya fizge igiya ya yi masa targaɗe a wuyan hannu, Bappa, ƙanen mahaifinsa wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya kawo shi daga rugarsu da ke hanyar Gagarawa. Inna ta kama hannun tana murzawa da man shanu, tana ɗora ganye mai zafi, tana yi masa faɗan ganganci. Shi kuwa ko gezau.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Inna, wannan mutum ne ko itace?"

Sai ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. Wallahi a wannan dariyar na tafi.

Hannun ya warke cikin kwana biyar, amma Sajo ya yi mako uku yana zuwa gashi. Ranar da Inna ta gaji sai ta ce masa, "Yaro, hannun nan ya warke tun tuni. In wani wurin ne ke ciwo, ka turo manyanka."

Ya turo su kuwa. Daga ranar da aka kawo gaisuwa komai ya canza. Mutumin da Inna ta murza wa hannu tana dungure masa kai, yanzu in ya hango ta a hanya sai ya kashe babur ya tsuguna, fuskarsa na kallon wani gefen. Ita ma sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta amsa gaisuwar daga nesa. Ta daina kama sunansa, sai dai ta ce "mutumin naki". Ni kuma abin yana burge ni, har gori nake yi wa ƙawayena cewa nawa ya san darajar surukai.

Shi ya sa ranar ya ƙi tashi.

"Ai ta taɓa duba ka," na ce.

"Lokacin ni ba kowa ba ne a wajenta. Yanzu in miƙa wa uwarki ƙafata, ta tsuguna a gabana ta riƙe? Da wane idon zan sake kallonta?"

"Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi."

"Wannan ba wanka ba ne, karce ne."

"To ka je Gumel a yi maka allura."

"A kan wannan? Dariya za a yi min a ruga. Ƙaya nawa na cire a ƙafar nan tun ina bin maraƙa?" Ya rage murya. "Ke dai shiga ki karɓo min irin wanda take ɗaura wa mutane. Ki ce ƙaya ce. Don girman Allah, hasken idona... kar ki sa in ji kunya."

"Ni ma ba za ka nuna min ba?"

"Saura kwana ashirin da biyu ki gaji da ganinta."

Na harare shi, na yi dariya, na tashi. Har yau ina tuhumar kaina a kan wannan dariyar.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince ganyen lalle a faifai.

"Inna, ƙayar aduwa ce ta karce shi a dunduniya. Ya ce a taimaka masa da ɗauri."

Hannunta ya tsaya a kan faifan.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Bakin ciwon fa?"

"A sama yake, Inna. Kurjewa ce kawai."

Ba ta ɗago ta kalle ni ba. Can ta ce, "Ɗauko ƙaramin turmi."

Ban taɓa yi wa Inna ƙarya a kan aikinta ba sai ranar. Na gaya wa kaina ai na san aikin nan, shekara goma sha ɗaya ina gefenta, kuma mutum kamar Sajo ƙusa 'yar mitsitsiya ba za ta kayar da shi ba.

Tare muka haɗa. Na ɓare bagaruwa na zubar da 'ya'yan, na daka, na tankaɗe a rariya har garin ya yi laushi. Inna ta niƙa ɗanyen lalle a kan dutse, ta haɗa su, ta kwaɓa da man shanu har ya kama jikinsa. Ta yago farin tsumma cikin waɗanda take tafasawa ta shanya, ta ninke shi.

"Ya wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ya cika bakin ciwon da wannan, ya naɗe. Kullum da safe ya sake. Kar ya bari iska ta shiga."

Na kai masa a ɗan gwangwani. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya wajen ƙofar gida ya ce, "Allah ya ƙara wa Inna girma," kamar tana jinsa.

Bayan kwana huɗu ya kira ni a waya yana murna.

"Hannun Inna albarka ne. Bakin ya rufe ruf, har na sa takalmi na bi shanu."

Na ji daɗi har na taka rawa a ɗaki. A lokacin hankalina na kan ɗinki da kayan ɗaki, ana ta kai da kawowa tsakaninmu da tela a Gumel.

Juma'ar da ta zagayo ya zo zance. Ba ya ɗingishi, amma maganarsa ta canza, yana yin ta ta cikin haƙora. Na kawo masa fura ya kasa buɗe baki sosai, sai da ya riƙa zuƙa a gefen ludayi.

"Yau kuma jan aji ake yi min?" na ce.

"Muƙamuƙina ne ya riƙe, da ƙeyata. Sanyin babur ne, jiya da sassafe na fita."

"Ango da sanƙararren wuya, ai sai a ce dole aka yi maka."

Ya so ya yi dariya, fuskar ta ƙi. Wani abu ya ɗarsu a raina, na kore shi. Wannan karon ko Inna ban gaya wa ba, don na san in na faɗa za ta koma kan maganar ƙafa. Da kaina na tsinko ganyen tumfafiya a bayan gida, na ƙulla masa da ɗan man shanu, na ce ya ɗumama a garwashi ya riƙa gasa wajen safe da yamma.

"Likitata," ya ce da ƙyar. "In na samu ke, me zan yi da asibiti?"

Ya hau babur ya tafi, ina tsaye ina kallon bayansa a miƙe kamar an sa masa sanda a riga.

Ranar Litinin da hantsi wayarsa ta shigo. Na ɗauka da shagwaɓa, sai na ji muryar Bappa.

"Ummukulthum, muna Gumel, a asibiti. Yaron nan jikinsa ya sandare tun jiya. Ki gaya wa mahaifiyarki a taya mu da addu'a."

Ban san lokacin da na zari mayafi ba. Yayata Rahama ce ta raka ni, muka hau mota a bakin titi, ina jin kamar in sauka in tura ta don ta yi sauri.

Sun sa shi a wani ɗaki shi kaɗai, an rufe tagogi da labule, an ce ko takalmi kar mu ja a ƙasa. Ƙara kaɗan ko haske sai ta tayar masa da ciwon, bayansa ya gantsare, haƙoransa su datse. Na gani da idona sau ɗaya, ba na fatan ko maƙiyina ya gani.

Likitan ya fito da mu waje. Ya ce ciwon nan ne mai sarƙe haƙora, ta rauni yake shiga, musamman rauni mai zurfi da ya haɗu da ƙasa ko kashin dabbobi.

"Mun ga tabo a dunduniyarsa. Me ya soke shi?"

Bappa ya ce, "Ƙaya ce, in ji shi. Surukarsa ma ta ba shi magani ya warke."

"Saman ne ya warke, Baba. Ramin yana ciki, an rufe shi da abin da ke cikinsa. Da ranar aka kawo shi aka wanke aka yi masa allura, da ba mu kai nan ba. Yanzu za mu yi iya ƙoƙarinmu, sauran na Allah ne."

Na jingina da bango. Kalmar ƙusa ta zo har bakina ta koma. Na ji tsoro, wannan ita ce gaskiya, tsoron idon Bappa da na Rahama.

Da na koma gida na gaya wa Inna abin da likita ya ce. Ta yi yini biyu ba ta ci abin kirki ba. Ranar Laraba da safe sai na ga ta ɗauko babban mayafinta.

"Ina za ki, Inna?"

"Gumel. Wuce mu tafi."

Da Bappa ya gan ta a ƙofar ɗakin sai ya miƙe ya ba ta hanya. Ta cire takalmanta ta shiga a hankali, ina biye da ita.

Sajo yana kwance, an sa masa ƙarin ruwa, ya rame kamar ba shi ba. Idonsa biyu. Da ya gane wadda ta shigo sai na ga yana ƙoƙarin kawar da kai, wuyan ya ƙi. Inna ta tsuguna a ƙarshen gadon ta ɗaga zanen da aka rufe masa ƙafafu.

Mutumin da ko yatsa ba ya iya motsawa sai da azaba, wallahi na ga yana jan ƙafar nan yana son ya ɓoye ta.

"Bari, ɗana," Inna ta ce da raɗa. "Bari... yau babu surukuta. Uwarka ce."

Ta riƙe dunduniyar da hannu biyu, ta kai idonta kusa saboda duhun ɗakin. Ɗan tabo ne baƙi, bai fi ƙwayar gero ba. Ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dubi fuskarsa sosai, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo gaisuwa.

"Sajo," ta ce. "Ka yafe min."

Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne. Ya motsa leɓe, maganar ba ta fita ba. Na matsa na sa kunnena a bakinsa.

"Ki... ce mata... ba ita ba ce."

"Zan faɗa, masoyina. Kai dai ka warke, ka ji? An gama ɗinkin babbar rigarka, Bappa ya ce ta yi kyau."

Ya lumshe ido. Ban sani ba ko ya ji.

Ranar Asabar da hantsi, saura mako guda cif ɗaurin aurenmu, Allah ya karɓi abinsa. Ina zaune a barandar asibitin Bappa ya fito yana salati, ya tsaya a gabana ya kasa haɗa ido da ni.

"Sai haƙuri, 'yata. Ba ki da rabon zama da shi."

Ban yi kururuwa ba. Na dai ji duniyar ta yi min faɗi, na rasa inda zan sa kaina. Ina son Sajo son da ban san ana yi ba, kuma na san da hannuna na daka abin da ya rufe masa ciwon.

Saƙon da ya ba ni ban isar ba. In na ce wa Inna ba ita ba ce, dole ta tambaye ni to wace ce.

Bayan an yi bakwai, magana ta fara yawo a gari. Wasu na cewa tsufa ya kama Hannatu, idonta ya daina gani. Wasu na cewa maganinta ne ya kashe surukinta. Matan da ta warkar wa 'ya'ya su ne suka fi kowa iya faɗa a bakin rijiya. Inna ba ta tanka wa kowa ba. Ta kife ƙaramin turmin a bayan ɗaki, ta juye garin bagaruwa a bola.

Wata rana da azahar maƙwabciyarmu Nana Firdausi ta shigo riƙe da hannu, man ƙuli-ƙuli ya fallatso mata. Ƙuna ce ƙarama, irin wadda Inna ke gamawa da ita kafin a sha ruwa.

"Inna Hannatu, taimaka min..."

"Sa shi a ruwan sanyi ki tafi asibiti. Na daina."

"Haba Inna, ɗan wannan?"

"Na ce na daina. Hannun da ya kashe ɗan mutane ba ya sake taɓa wani."

Matar ta fita tana waiwaye. Ni kuwa ina bakin murhu, na ji ba zan iya ƙara ɗaukar ko minti ɗaya ba. Na taso na durƙusa a gabanta.

"Inna, ba ke ba ce. Shi ma ya ce in gaya miki ba ke ba ce."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Ni ce. Ban ga ciwon ba, Inna, ko takalmin bai cire ba. Kuma ba ƙaya ba ce, ƙusa ce a karar Maigatari, ya gaya min da bakinsa. Ya roƙe ni kar in sa shi jin kunya, ni kuma na zo na yi miki ƙarya. Da muƙamuƙinsa ya riƙe ma na sani, na ba shi tumfafiya na ɓoye miki... Ki dake ni, ki tsine min, amma ki daina cewa ke ce."

Na kifa kaina a cinyarta ina kuka, ina jiran duk abin da zai sauko. Sai na ji tafin hannunta a bayana.

"Na sani, Auta."

Na ɗago.

"Ta jikin danga na hango shi lokacin da ya sauka daga babur. Shekara talatin ina kallon tafiyar masu ciwo. Karcen ƙaya ba ya sa namiji irin wannan ya ɗage dunduniya. Kuma ke na haifa, na san muryarki in kina ƙarya."

"To me ya sa..."

"Tambaya ɗaya ta rage in yi miki. Na san in na yi ta, sai na fita ƙofar gida na ce wa surukina ya cire takalmi, na tsuguna a gabansa mutane na kallo." Ta goge ido da gefen zani. "Da kika ce kin gani, daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji, Auta. Kin yi ƙarya don kunyarsa, ni kuma na karɓa don tawa."

Ban taɓa ganin Inna tana kuka da sauti ba, ko ranar da Babanmu ya rasu. Ta jawo ni jikinta ta ƙanƙame.

"Taku goma ne tsakanina da yaron nan," take cewa. "Taku goma, na kasa."

Tuwon da na ɗora ya kama a tukunya, muna jin ƙaurinsa. Muka zauna a nan tsakar gida har aka kira la'asar, babu wadda ta iya rarrashin wata.